Wuƙar Da Ba Ta Yanka: Shin Ƙarancin Abu Ne Darajarsa?

Akwai wani irin ciniki da ake yi a intanet wanda in ka ba maƙerin garinku labarinsa zai ce raina masa wayo kake yi. Kamfani ne zai sanar cewa ran kaza, da ƙarfe kaza, zai fito da wata 'yar wuƙar aljihu, irin mai naɗewa ɗin nan, kuma 'yan ƙalilan aka ƙera, daga su ba ƙari. Sai ka ga manyan mutane a Amurka da Turai sun zauna sun zuba wa waya ido kamar masu dakon ganin wata. Kafin ka sha kofin shayi an saye su ƙaf. Wanda ya dace kuwa ba zai yanka ko albasa da ita ba. A kwalinta zai adana ta, domin ranar da bakinta ya taɓa wani abu, ranar farashinta ya faɗi.

Masu sana'ar sun san takan abinsu. Kamfanin Victorinox na ƙasar Suwizalan, wanda Karl Elsener ya kafa harsashinsa a garin Ibach a 1884, ya soma wata al'ada a 2015 ta fito da wuƙa mai sabon launi a kowace shekara, da shekarar rubuce a bayanta. Ƙarfen dai shi ne, kaifin ma shi ne, fenti kawai aka sauya. Shi kuwa kamfanin Case na Amurka, a 1970 ya buga ɗigo goma a gindin ruwan wuƙarsa, yana rage ɗaya duk shekara, sai ga masu tarawa suna ƙirga ɗigo don sanin shekarun abin da suka mallaka.

Mu 'yan kallo ma da hannunmu a ciki, don fim ya taimaka wajen hura wannan wuta. Duk wanda ya kalli First Blood na 1982 bai manta da zabgegiyar wuƙar Rambo ba. Wani maƙeri ne mai suna Jimmy Lile daga jihar Akansas ya ƙera ta, sannan ya yi guda 100 masu lamba, waɗanda suka zama abin farautar masu kuɗi. Haka MacGyver, wanda aka soma nunawa a 1985, ya sa yara da yawa suka taso da mafarkin 'yar jar wuƙar nan mai almakashi da abin buɗe kwalba.

To, tambayar da nake so mu tattauna, ya kai mai karatu, ita ce: akwai laifi a cikin wannan sha'awa?

Kada mu yi saurin cewa haukan Turawa ne. Mu ma muna girmama wuƙa. A fadar Katsina akwai Gajere, takobin da tarihin baka ya danganta da Muhammadu Korau da kokawar da ya yi da Sanau. A Daura ana ba da labarin maƙeran Gaya da suka ƙera wa Bayajida makamin da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da shi. Ba wanda yake feɗe akuya da waɗannan, kuma ba wanda ya ce ajiye su wauta ce. Son abu mai kyau ba aibu ba ne. Mutumin da ya sayi ƙwaƙƙwarar wuƙa don ya yaba da aikin hannu bai bambanta da mai sayen aska takwas ko kayan doki na hawan Sallah ba.

Amma dubi inda suka rabu. Gajere ɗaya ce tak saboda abin da ya faru da ita sau ɗaya ya faru, ba wanda ya zauna ya tsara ƙarancinta. Ita kuwa wuƙar kamfani, a teburin shawara aka yanke cewa kaza za a yi, alhali injin da ya fitar da dubu biyu zai iya fitar da dubu ɗari biyu. To mene ne mai saye ya biya kuɗinsa a kai? Ba kaifi ba ne, tunda ba zai yanka ba. Ba kyau kaɗai ba ne, tunda ga 'yar'uwarta can a kanti, launi ne kawai ya raba su. Abin da ya saya shi ne rashin da wasu suka yi. Ka gwada shi ka gani: ka ce masa kamfanin ya sake shawara, gobe kowa zai samu irinta. Wuƙarsa na nan a kwali ba abin da ya taɓa ta, amma wallahi ranar ba zai ci tuwon dare da daɗi ba. A ganina nan ne matsalar take. Jin daɗin da ba ya tsayuwa sai wani ya rasa, ƙanen hassada ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi mai hassada baƙin ciki yake don kana da shi, wannan kuma murna yake don ba ka da shi.

Na san wani zai ce ai ba duk ƙaranci ne na ƙarya ba, kuma da gaskiyarsa. Akwai ƙananan masana'antu, irin Great Eastern Cutlery da aka buɗe a jihar Fensilbaniya a 2006, waɗanda yawancin aikinsu ke bi ta hannun ma'aikata, ba su iya wadatar da masu nema. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Waɗanda ban ga uzurinsu ba su ne 'yan kayi-nayi da ke sa kwamfuta ta kwashe kayan cikin daƙiƙa, washegari su ninka kuɗin. Ko hukuncin ɓoye kaya ya hau kansu? Wannan fagen malamai ne, don wuƙar ado ba gero ba ce, ba wanda zai kwana da yunwa don ya rasa ta. Sai dai halin iri ɗaya ne da na mai cika rumbu yana addu'ar damina ta yi gardama.

Yanzu mu dawo gida. A Mairuwa, da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, maganar makami ba hira ba ce. A ranar 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka datse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi na tsawon watanni, ta yadda ko gaisuwa sai mutum ya yi tattaki, balle cinikin intanet. Saurayin da aka laluba aljihunsa a shinge kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau aka ga wuƙa, ba lambar da ke jikinta za a tambaye shi ba. Ba na cewa wuƙar aljihu ce ta jawo mana wannan bala'i, kowa ya san bindiga ce. Amma abin da Bature ke kallo a matsayin ado a cikin gilashi, a nan sai ka yi bayaninsa, kuma ba lallai a saurare ka ba. Duk matashin da ya ga hotunan a waya ransa ya biya, ya sa wannan a lissafi kafin ya tura kuɗi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, ƙarancin gaske yana gabanmu ba ma ganinsa. Je ka rumfar maƙera ranar kasuwar Sheme ana gab da babbar Sallah. Ga mutum ya samo tsohon sifirin mota, yaro na ja masa zuga-zugi, ya gasa, ya daka a kan uwar maƙera, ya wasa, ya sa ƙota, baduku ya ɗinka mata kube. Babu guda biyu da suke daidai da juna, kowace ita kaɗai ce irinta a duniya. Amma sai mu tsaya muna taya ta kamar kayan sata, muna cewa malam a rage mana. Haka muka yi da kaset-kaset ɗinmu. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, yau mutum nawa ne ke da kwafinsa mai kallo? Ba wanda ya buga masa lamba, sai muka bar shi ƙura da zafi suka cinye.

Ita wuƙar maƙerin namu ba ta da kwali, ba ta da takardar shaida, ko sunansa babu a jiki. Mahauci zai yi ta goga ta a dutse shekara da shekaru har ruwanta ya siranta ya koma kamar tsinke, ƙotar ta yi baƙi da maiƙo. Daga nan sai ta koma cikin gida wajen uwargida, a ci gaba da yanka kuɓewa da ita.