Mu Gyara Alƙalaminmu, Jama'ar Potiskum



Allah ya yi wa garinmu arziki. Kasuwar shanunmu tana cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma, tirelolinmu kuwa babu babbar hanyar ƙasar nan da ba su taka ba. Amma akwai wani rauni da muke ɗauke da shi shiru: yaro ya gama sakandare, a ce ya rubuta takardar neman aiki da Turanci, sai gumi ya karyo masa.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Duk hazaƙar ɗalibi a lissafi ko kimiyya, in bai samu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko ta Damaturu ce ko ta Gashuwa. A JAMB ma Turanci dole ne ga kowa. Tun 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare a Yobe, amma gwamnati ba za ta shigo ɗaki ta riƙe wa yaro biro ba. Wannan aikinmu ne.

Kurakuran da yaranmu ke yi a Turanci sanannu ne, kuma suna gyaruwa. Yaro zai rubuta "he did not came", alhali bayan "did" aikatau yana komawa siffarsa ta asali, wato "come". Zai rubuta "she go" maimakon "she goes". Zai ce "borrow me your pen", alhali mai bayarwa "lend" yake yi. Dubi allunan shaguna a bakin titi: mai gyaran waya ya biya kuɗi an rubuta masa "refair", domin harshenmu ba ya rarrabe "p" da "f". Ga kuma gajarce kalmomi na WhatsApp, "u" da "pls", da suke bin hannun yara har cikin zauren jarrabawa.

Iyaye, ku saya wa yaro littafin rubutu guda ɗaya, ya riƙa rubuta abin da ya gani a yininsa, ko layi biyar ne, wani ya duba masa. Malamai, ku dawo da insha'i da shifta, ku kuma yi makin da jan biro tare da bayani, ba dariya ba; yaron da aka kunyata a gaban aji alƙalami yake ajiyewa. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin nan, ku ne malaman gobe, ku fara da ƙannenku a unguwa.

Matasa, ku riƙa karanta jarida da littafi, ƙamus na kusa da ku. Mai sayen shanu ba ya miƙa kuɗi sai ya duba haƙori da kofato; haka ku ma kada ku aika takarda sai kun sake karanta ta. Ku kuma kula da rubutun Hausarku, domin wanda ya saba da waƙafi da aya a harshensa ba zai manta da su a wani harshe ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu fara yau, a gidajenmu. Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya sa su zama abin alfahari ga Yobe da ƙasa baki ɗaya. Amin.