Ka San Kukan Inji, Saura Kukan Jikinka

Ka taɓa ganin bakanike ya kara kunne a bakin mota, ya ce wa yaronsa ya ɗan taka totur, sannan ya ɗago ya ce matsalar daga fulogi take? Ko noti ɗaya bai kwance ba. Tela ma da keke ya sauya kuka ya san zare ya sarƙe ta ƙasa. Mai ƙosai daga ƙarar mai take gane ko wuta ta yi daidai. 'Yan uwana ma'aikata, ku gwanayen sauraro ne, da shi kuke cin abinci. Amma injin da ya fi kowanne yi muku bauta, wanda ba a sayar da kayan gyaransa a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, shi kuka fi yi wa kunnen uwar shegu.

Alhali harshenmu bai taɓa raba abin da ke rai da abin da ke jiki ba. In tsoro ya zo, cewa muke gabana ya faɗi, ko cikina ya ɗuri ruwa. In labari ya girgiza mu, jiki ne ke yin sanyi. Fushi tafasar zuciya ne, baƙin ciki kuwa abu ne da ke tokare maƙogwaro. Da magabata suka ce jiki magayi, ba wasa da baki suka yi ba. Lokacin da maigida ya daka maka tsawa a gaban abokan aiki, ko mai gidan haya ya aiko a karo na uku, wasu ƙananan halittu da ke bisa ƙoda suna sakin sinadaran adiranalin da kotizol cikin jini. Bugun zuciya ya ƙaru, wuya da kafaɗu su ɗaure, narkar da abinci ya ja baya. Shiri ne na tsira daga haɗarin 'yan mintoci. In ya zama abincin kullum wata da watanni, sai ya koma ciwon kai da rashin barci, har ya taimaka wa hawan jini. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa akwai irin gajiyar da ke kashe wa ma'aikaci zuciya, kuma daga matsin aikin da aka kasa shawo kansa take tasowa.

Wani masani mai suna Eugene Gendlin, haifaffen Biyana a 1926, ya yi aiki tare da wani masanin, Carl Rogers, a Jami'ar Shikago ta Amurka. Shi da abokan aikinsa sun zauna suna sauraron faya-fayan hirar masu damuwa da masu ba su shawara, suna neman dalilin da ya sa wasu ke samun sauƙi, wasu kuma su yi ta zuwa babu canji. Abin da suka gano ya burge ni. Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu yin jim a tsakiyar magana, su koma ciki suna lalubo kalma: “Fushi nake ji... a'a, ba fushi ba ne, kamar an ɗora mini dutse a nan.” Masu zuba bayani tiryan-tiryan kamar karatun labarai sukan tashi yadda suka zauna. Gendlin ya ce ai wannan laluben ana iya koyar da shi, ya kuma fitar da littafi a kansa a 1978.

Laluben ba ya buƙatar kuɗi ko kujerar ofis. Bayan ka rufe shago, ko kin sauke tukunya, a sami wuri a zauna, tafin ƙafa a ƙasa. A ja numfashi ta hanci, a sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, don doguwar fitar numfashi na sassauta bugun zuciya. Sai ka tambayi kanka: a ina abin yake zaune? Ƙirji, ciki, maƙogwaro? Kada ka yi garajen ba shi suna. Gwada masa kalma kamar yadda ake gwada sifana a kan noti. Ka ce gajiya ce, jiki ya yi shiru, to ba ita ba ce. Ka ce raini ne, an raina wahalata, sai ka ji ajiyar zuciya ta kuɓuce, kafaɗa ta sauka. Ka dace da lambar. Kuma da zarar ka san raini ne, ka san maganinsa ba ƙwayar ciwon kai ba ce, magana ce za ka je ka yi da wanda ya dace, cikin ladabi, ido cikin ido.

Na san abin da wani zai ce: namiji ba ya raki, mace kuwa da haƙuri aka san ta. Ni dai a ganina mun daɗe muna kiran dannewa da sunan haƙuri. Mai haƙuri ya san nauyin da ke kansa, ya gyara gammo, ya ci gaba da tafiya. Mai dannewa rantsuwa yake yi ba ya ɗauke da komai, har ranar da zai zazzage shi a kan matarsa ko yaron shago da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ɗan dakon da ya tsaya ya gyara gammo, wa ya taɓa kiransa rago?

Sai dai a kula. Ciwon ƙirji mai tsanani, ko mai sauka zuwa hannu, ko numfashi mai yankewa, na asibiti ne nan take. Wanda kuma ya ga tashin hankali, hari ko mummunan haɗarin mota, in ya juya ciki ya ji abin na neman kayar da shi, ya buɗe ido, ya dubi abin da ke gabansa, ya nemi ƙwararre. Akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware da Dawanau, kuma masu rashin barci da fargaba ma suna zuwa.

Kai da ka iya gane laifin inji cikin hayaniyar gareji, wannan ba zai gagare ka ba. Gobe da safe, kafin ka murza makulli ko ka ɗaga ƙyauren shago, ɗora hannu a ƙirji na minti biyu ka ji da wace murya ya tashi.