Alif A Ruwan Tsofaffinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.). Bayan haka:

Ya ku samari da 'yan matan zango, mun karanta a Ishmawi cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba, ya halatta a yi alwala da shi. Gaskiya ne. Amma hukuncin alwala daban, lafiyar mai sha daban.

'Yan'uwanmu fatake masu zuwa sarin kaya Guangzhou a ƙasar Sin sun san birnin ya zauna a bakin kogi, amma a 2010 sai da hukuma ta janyo ruwan sha daga kogin Xijiang saboda ƙazantar na kusa. A can ma da dangin alif ake kwantar da laka, sai dai da awo: dokar ƙasar ba ta yarda alminiyum ya wuce miligiram 0.2 a lita ɗaya ba. Mu kuwa fa? Yaro ya ɗauki dunƙulen alif ya jefa cikin randa, ruwa ya yi garau, a ce Alhamdu lillahi.

To ku sani, alminiyum ne a cikin alif, kuma ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki. Ƙodar tsoho ta gaji, balle mai ciwon suga ko hawan jini. A shekarun 1970 likitoci sun ga masu wankin ƙoda suna rikicewa, magana na sarƙe musu, saboda alminiyum na ruwan wankin. A Faransa, binciken PAQUID da aka buga a 2009 ya bi tsofaffi shekara 15, ya samu ciwon mantuwa ya fi yawa ga waɗanda ruwansu ke da alminiyum da yawa. Masana ba su yanke cewa shi ne sanadi ba, kada wani ya ƙara gishiri a wa'azi. Amma wa zai yi caca da hankalin mahaifiyarsa?

Allah Ya haɗa bautarSa da kyautata wa iyaye a Suratul Isra'i, Ya kuma ambaci tsufansu musamman. Kyautatawa ba ta tsaya ga durƙuson gaisuwa da kayan Sallah ba, ta kai har bakin randa. Alif ɗan kaɗan ya isa. A bar ruwan ya kwanta sosai, a tsiyaye na sama, a zubar da na gindi, sannan a tafasa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ta cire alminiyum. Tsohon da ke da ciwon ƙoda kuwa, a tambayi likitansa ruwan da ya dace da shi.

Wassalamu alaikum.