Maƙwabcinka na Bakin Teku

Ya kai mai karatu, wataƙila an haife ka a ƙasar Zazzau ko ta Sakkwato, ba ka taɓa ganin teku ba, ba ka kuwa sa ran za ka gan shi. Kadan aka ce maka akwai alhakinsa a wuyanka, za ka ce, Ina ruwana da teku?

To, ruwanka daga can ya ke zuwa. Iskar da ke tasowa daga kudu maso yamma a goshin damina, daga Tekun Atlantika ta ke, ita ce ke turo gajimare har bisa gonarka. Geron da ke cikin rumbunka, ruwan teku ya sha.

Abin da ya zo daga can kuwa, can ya ke komawa. Gulbin Sakkwato da kogin Kaduna a Kwara su ke zubawa. Kwara kuma, wadda tsawonta ya kai wajen kilomita 4,180, ta kan gamu da Binuwai a Lakwaja, sa'an nan su gangara tare har teku. Mutanen Kano da na Haɗeja nasu ruwa ya fi nufar Tafkin Chadi, amma kada su ce sun kuɓuta, gama can ma akwai masunta.

Ka san al'adarmu. Da hadari ya haɗo, sai kowa ya fito da shararsa ya juye cikin kwata, ya ce ruwa ya tafi da ita. Ina ya kai ta? Dā shararmu ganye ce da toka da ƙaiƙayi, su kan ruɓe. Yanzu leda ce, leda kuwa ba ta ruɓewa kamar ganye, sai dai ta daddage ƙanana ƙanana, kifi ya haɗiye. Kunkurun teku kan ɗauka abinci ce, ya ci, ta toshe masa ciki. A shekarar 2017 waɗansu masana na Jamus suka lissafa koguna 10 waɗanda su ke ganin sun fi kai roba cikin teku, Kwara tana cikinsu.

Ga kuma abin da ke faruwa a Amurka. Manoman da ke nesa da teku, tafiyar kwanaki, suna zuba takin zamani, ruwa ya wanke ragowarsa zuwa kogin Misisifi, kogin ya kai shi Tekun Mekziko. Can taki ya kan hayayyafa gansakuka, ta mutu, ta nutse, ruɓewarta ta cinye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya gudu, abin da ba ya iya gudu ya mutu. A 2017 wurin da ya lalace haka ya wuce murabba'in kilomita 22,000. Manoman nan ba su ƙulla wa kowa mugunta ba, masara kaɗai su ke nema.

Nan tambaya ta ke. Mutum ya yi laifi ke nan, in ya cuci wanda bai sani ba, bai kuwa yi nufi ba? Ka tuna sa'ad da wani masanin Attaura ya tambayi Ubangijinmu Yesu ko wane ne maƙwabcinsa, ya ba shi misalin Basamariye. Firist da Balawe na cikin misalin nan ba su ne suka sari mutumin ba, laifinsu shi ne sun gani, suka ratse. Mu kuwa da hannunmu a cikin raunin, sai dai nisa ya ɓoye mana mai raunin. Masuncin da ke jawo tarunsa a bakin teku, ya tarar rabi leda, yana da 'ya'ya masu jiran tuwo kamar naka. A ganina rashin sani yana rage nauyin laifi, amma kai da ka karanta takardan nan, wannan hujja ta fita daga hannunka.

Za ka ce, Ledata guda me za ta yi, ga manyan masana'antu, ga jiragen ƙasashen waje masu kwashe kifi? Gaskiya ne, ɓarnarsu ta fi taka nesa, za su kuwa amsa. Amma ba lissafin jirgi za a tambaye ka ba, na kwatar ƙofar gidanka ne.

Saboda haka ka riƙa zuwa kasuwa da kwando ko buhu, yadda iyayenmu su ke yi. Taki kuma ka binne shi gindin shuka daidai gwargwado, kada ka watsa sa'ad da babban ruwa ke shirin sauka, ko kuɗinka ma ba za su bi ruwa ba. Ranar da hadari ya haɗo, in ka ga ɗanka ya nufi kwata da kwandon shara, ka kira shi, ka gaya masa inda kwatan nan ta ƙare.