Ɗalibi Muridi da Cutar "Sai Gobe"

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a zawiyoyin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela akwai samari 'yan lakwal da yawa da suka karɓi ɗariƙa. Wani daga cikinsu ba ya saɓa wa wazifa, amma idan malami ya ba da aikin gida sai littafi ya kwana a jaka, shi kuwa yana fada ana dafa shayi, ko ya duƙufa a kan waya. Kullum maganarsa "sai gobe". Shin wannan jinkiri ya shafi tarbiyyar ruhi, ko kuwa lamari ne na boko kaɗai?

Malaman tasawwufi suna kiran wannan cuta taswifi, wato ɗage aikin yanzu zuwa wani lokaci da bawa bai mallaka ba. Suna lissafa ta cikin dabarun nafsu, domin nafsu ba ta cika hana mutum aiki kai tsaye ba. Lallashinsa take yi da cewa akwai sauran lokaci. Wanda ya yarda da ita ya yi wa kansa alkawarin rayuwar da ba a ba shi tabbacinta ba.

Wuridin Shehu Ahmadu Tijjani (RTA) kansa darasi ne a kan haƙƙin lokaci. Lazimi yana da lokacinsa safe da yamma, idan ya kuɓuce sai an rama. Zikirin Juma'a kuwa, da zarar rana ta faɗi ya wuce, ba shi da ramuwa. Karatu ma haka yake. Ana iya rama aikin kwana ɗaya, amma wanda ya yi ta tara bashi tun buɗe makaranta a watan Oktoba, ba zai biya shi cikin zafin Afrilu da Mayu ba, ga jarrabawar BEPC ko BAC ta ƙarato. Manomin albasa a Galmi ya san wannan: fangalin da aka hana wa ruwa a kan kari, ruwan mako mai zuwa ba ya mayar masa da abin da ya rasa.

Wani zai ce ai zikiri ya fi lissafi da Faransanci daraja. Babu jayayya a kan darajar zikiri. Sai dai aikin makaranta amana ce: ta iyayen da suka sayi littattafai da guminsu, da ta malamin da ya ba da wa'adi. Mai jinkiri kuma ƙarshensa yakan zama kwafar aikin wani ko yi wa malami ƙarya, waɗannan kuwa suna duhunta zuciyar da ake wankewa da istigfari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya fara karantarwa da wa'azi yana da kimanin shekara 20. Ƙuruciyar da aka yi ta ɗagewa ba ta haifar da irin wannan.

Magani shi ne muridi ya yanka wa karatu lokaci tabbatacce kamar yadda yake da na lazimi, ya ƙulla niyyar neman ilimi don Allah, ya fara da aikin da ya fi yi masa nauyi. Muƙaddamai su ma ya kyautu su riƙa tambayar almajiransu labarin makaranta, kamar yadda suke tambayar wuridi.

Allah Ya sanya albarka a lokacin ɗalibai, Ya ba su ilimi mai amfani, albarkar Annabi (SAW). Amin.