Kayan Jakada: Aro Ne Ko Gado?

A ƙasar Ingila, a ƙarni na 18, idan sarki ya naɗa jakada akan ba shi kayan azurfa daga taskar sarauta, har da mazaunan kyandir waɗanda aka yi wa ruwan zinariya, da tambarin sarki a jikinsu. Aro ne, domin ya karɓi baƙi da martabar wanda ya aiko shi. Amma jakadu da yawa da suka komo gida sai suka nemo takardar yafewa, kayan suka zauna a gidajensu, har magada suka riƙa kai su gwanjo.

To, shin takarda tana mai da aro halaliya? Lalle idan mai abu ya yafe da yardar ransa, magana ta ƙare. Sai dai a Musulunci shugaba mai tsaron baitulmali ne, ba mai shi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakka, wanda ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi faɗa, ya tambaya ko da mutumin ya zauna gidan iyayensa da an kawo masa. Wancan fa kyauta ce aka hana shi. Kayan jakada kuwa tun ran farko da sunan aro aka rubuta su.