Aikin da Ba Ya Karɓar Wakili

Idan zangon karatu ya zo ƙarshe, ƙofar ƙaramar sakandare takan cika da yara ɗauke da kayan da malamai suka sa su haɗo a gida: ɗakin kwali mai ƙwan fitila, fankar da ke juyawa da batir, mafici, tsintsiya, taswirar Najeriya da aka shirya da gero da wake, 'yar rigar jariri ta darasin kula da gida. Furojek ake ce wa wannan aiki, kuma makinsa yana shiga cikin jimillar da za a rubuta wa yaro a katin sakamako. Kowa ya san cewa da yawa daga cikin waɗannan kaya ba hannun yaran ne ya yi su ba. Kafinta ne ya yi, ko tela, ko mai gyaran rediyo na bakin titi, ko kuma uwa ta raba dare tana liƙe-liƙe yaron yana barci. Malami ma ya sani, amma sai ya ba wa mafi ƙyalƙyali maki mafi yawa. Iyaye nagari, masu salla da azumi, suna yin haka ba tare da zuciyarsu ta ɗarsa musu komai ba, domin a ganinsu taimakon ɗa ne. Ni kuwa ina ganin an ɗauki aikin da ba ya karɓar wakilci an damƙa wa wakili, kuma ɓarnar da ke cikin haka ta fi gaban maki.

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe ayyuka ta wannan fuska. Malamin nan na Malikiyya, Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya ware wa mas'alar wuri a littafinsa Alfuruƙ. Akwai aikin da manufarsa ita ce ya auku, ko ta hannun wa: biyan bashi, mayar da ajiya, raba zakka. Idan ka aiki ƙanenka ya kai wa mai bin ka kuɗinsa, bashi ya biyu, domin abin da ake nema shi ne haƙƙi ya isa ga mai shi. Akwai kuma aikin da manufarsa tana cikin mai yin sa, kamar salla. Ba a yi wa rayayye salla, domin abin da ake nema a cikinta shi ne ƙanƙan da kai da tsoron Allah su sauka a zuciyar wannan bawa, kuma ruku'un wani ba ya saukar da su a zuciyar wani. Abin tambaya a kan furojek ɗin ɗan aji biyu shi ne a wane kashi ya faɗa. Makaranta ba ta da buƙatar fankar kwali. Da iska take so da ta je kasuwa. Abin da take so shi ne yaron da ya haɗa fankar ya fito daban da yadda ya shiga.

Yadda wannan sauyi ke aukuwa ba ɓoyayye ba ne. Yarinya ta haɗa waya da batir da ƙaramin inji, ta danna, bai motsa ba. Ta duba, ta ga wayar ba ta taɓa ƙarfen ba, ta gyara. Ya juya, amma iskar baya take yi, sai ta sauya kan wayoyin biyu ta ga ya juyo. A cikin wannan rabin awa na takaici ta fahimci cewa lantarki yana buƙatar cikakkiyar hanya ta zuwa da dawowa, abin da ta kwafa a littafi tun farkon zango bai zauna ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya lissafa koyar da ilimi cikin sana'o'i, ya kuma bayyana cewa ƙwarewa sifa ce da ke kafuwa a cikin mutum ta hanyar maimaita aiki har ya zame masa jiki. Ƙarnoni bayan haka, a 1918, William Kilpatrick na Amurka ya rubuta maƙalar da ta yaɗa koyarwa ta hanyar furojek a makarantun zamani, kuma shi ma kan yaron ya dogara: ya ƙudurta, ya tsara, ya aikata, ya auna abin da ya yi. Da Najeriya ta fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, shekaru ukun ƙaramar sakandare an ware su ne domin yaro ya taɓa katako da ƙarfe da ƙasa, a gane inda hannunsa ya karkata. Kafintan da ya yi wa yaro aikinsa ya ƙara wa kansa ƙwarewar da tun da ma yana da ita, yaron kuma ya tashi da kwali.

Sai kuma batun gaskiya. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan me ya sa bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya nisanta mai algus daga kansa. Maki shaida ce da malami ke bayarwa cewa wane ya iya kaza. Idan aka miƙa masa aikin tela da sunan yarinya a jiki, an ɓoye masa danshin. Abin da ya fi damuna shi ne shekarun masu wannan aji, sha biyu zuwa sha biyar, daidai lokacin da ake shiga balaga, alƙalami ya fara hawa kan mutum. A wannan gaɓa ce yaro ke ganin mahaifinsa, wanda ke tashinsa sallar asuba, ya ƙirga kuɗi ya sayi abin da za a kai a ce shi ya yi, ya kuma ga an tafa masa a gaban 'yan aji. Ɗan talakan da ya yi nasa da kansa, a karkace, ya ga abin da aka ba shi, shi ma ya ɗauki darasi. Bai kamata mu yi mamaki ba idan waɗannan yara suka girma suna neman wanda zai rubuta musu jarrabawa.

Uba zai iya cewa: to, in zuba wa ɗana ido yana fama, alhali Musulunci ya yi umarni da taimakon juna? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba wanda ya ce a bar yaro shi kaɗai. A makarantar allo malam yakan rubuta wa ƙaramin yaro allonsa, ya biya masa, ya sake biya masa, amma ranar da za a wanke allo bakin yaron ne zai kawo karatun. Uwar da ta riƙe kwali ɗanta yana yankawa, ko ta ce masa ya sake duba wayar nan, ko ta kai shi wurin tela ya zauna ya ga yadda ake kafa hannun riga, ta taimaka masa da gaske. Iyakar tana wurin da taimako ya ɗauke wa yaro tunanin da kuskuren. Kuma adalci ne a ce laifin ba na iyaye ba ne kaɗai. Malamin da ya ce ɗan shekara goma sha biyu ya kawo kujerar katako ranar Litinin, bai taɓa nuna masa zarto ba, ya san sarai inda kujerar za ta fito. Makarantar da ke tara tsintsiya da moda da sunan furojek don ta huta da saye, haraji ta ɗora, kuma ita ta buɗe ƙofar ƙaryar.

Wani kuma zai ce duniya sakamako take dubawa, kuma sanin wanda za ka ba aiki shi ma wayo ne. Gaskiya ne ga babba, wanda aikinsa na kashin farko ne: mai gina gida ba a tambayarsa ko shi ya ɗora bulo. Amma ko shi, in bai taɓa yin komai da hannunsa ba, ba zai bambance aikin ƙwarai da na ha'inci ba. Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne na malamin makarantar gwamnati, mai aji cike maƙil, ba ɗakin gwaji, ba kayan aiki, wanda zai ce ba shi da halin bin diddigin kowane yaro. Ba zan raina wannan wahala ba, sai dai maganinta ya fi araha fiye da yadda ake zato. A rage girman aikin ya dawo abin da za a yi a cikin aji da kara da laka da murfin kwalba. A bar auna kyan kaya, a auna bayanin mai shi: a cire waya guda a ce ya mayar, a tambaye shi abin da ya fara ƙi masa da yadda ya shawo kansa. A aikin rukuni, inda yaro ɗaya kan yi wahala biyar su raba maki, kowa ya tashi ya nuna ɓangarensa. Minti biyu sun isa malami ya gane hannun da ya yi aikin, kuma da zarar iyaye sun ga fankar kafinta ba ta kawo maki, za su daina zuwa wurinsa.